Kusurwar Gidan Sajo Dillali

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan, don tun jiya yake ci mini rai.

Akwai wani dillalin shanu da aka yi a Gumel, sunansa Sajo. Lokacin nan Gumel tana cikin Jihar Kano, ko mafarkin Jigawa ba a yi ba. Duk ranar Alhamis yana karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi. Sana'a kam ya iya ta, ba mai musun wannan. Kallo ɗaya zai yi wa bijimi ya faɗa maka shekarunsa, bai ko buɗe masa baki ba.

Amma fa Sajo yana da wani hali. Bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce a ransa, me wannan yake nema? In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya ce ai dama ya sani, an ƙulla masa wani abu.

Kara ce ta koya masa haka. A can, duk wanda ya bari aka gane saniyar da yake so, to an gama da shi. Sai ka tsaya kan ramammiya kana ta yabonta, alhali idonka yana kan wata ja can gefe. Sajo ya ɗauko wannan ɗabi'a daga kara ya shigo da ita har cikin gida. Matarsa Asama'u takan ce, "Malam, kai ko miyar da kake so ba ka faɗa, sai dai in yi ta canka."

To wurin da gidansa yake, da can ruga ce a bayan gari. A shekarar da aka samu 'yancin kai, tsakiyar damina, mahaifiyarsa Inna Rahamatu ta rasu a nan. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba, hanyar maƙabarta ta zama tafki, mazan rugar kuma sun yi nisa da shanu. Wani manomi mai suna Ilu, wanda gonarsa take maƙwabtaka da rugar, shi ya jiyo kuka ya zo da digarsa. Shi da Sajo suka haƙa kabari a gefen rugar, mutum biyar suka yi mata salla aka rufe ta.

Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, mutane suka yi ta kwararowa gari, gari ya faɗaɗa har ya haɗiye rugar. Sajo ya zagaye wurinsa da katangar ƙasa, ya lanƙwasa ta yadda kabarin ya faɗo ciki, a kusurwar da take bakin hanya. Ya kafa rumbu a gabansa, ya kange da zana. Ilu ma ya gina nasa gidan a tsallaken hanyar, daura da na Sajo. Tsufa ya zo masa, ya bar noma ya koma ɗinki a zaure, aka koma kiransa Malam Ilu.

Sababbin maƙwabta ba wanda ya san da kabarin, daga Asama'u sai Malam Ilu. Dalilin ɓoyewar kuwa, wata rana a kara wani baƙo ya ba da labari wai a wani birni hukuma ta tarar da kabari a cikin gida, ta tone shi, ta kuma ƙwace filin. Ko gaskiya ne ko ƙarya, oho. Amma Sajon da bai taɓa yarda da maganar alheri ba, wannan kam ya haɗiye ta ko ruwa bai nema ba.

Ana nan, cikin shekarar 1977, sai ga ma'aikatan tsara gari sun shigo unguwar da igiyar awo da turaku da jan fenti. Babbansu wani safiyo ne, wato mai awon filaye, Malam Manu, mutum marar hayaniya. Ya tara masu gidaje ya ce hanyar nan za ta zama layi mai faɗin ƙafa talatin, kowa zai ja katangarsa baya daidai turke.

Sajo yana tsaye aka ja igiya. Ta bi ta kan katangarsa, aka buga turke ƙafa shida a cikin gidansa. Ya dubi turken, ya dubi zanan da ke kusurwa. In aka ja katangar, Inna Rahamatu za ta koma waje, a kan layi. Kuma ta wannan hanyar ake kora shanu duk ranar Laraba zuwa Maigatari.

Malam Manu ya lura da yadda fuskarsa ta sauya. Ya ja shi gefe.

"Malam Sajo, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Me ka gani?"

"Ba komai. Na dai ga ya kamata in sanar da kai, dokar nan tana da ƙofa. Akwai abin da muke kira takardar sassauci. In mutum yana da wani dalili a filinsa da zai hana shi bin tsari, sai ya rubuto ya nema. Za mu liƙa sanarwa a katangarsa kwana ashirin da ɗaya, maƙwabta su faɗi ra'ayinsu. Bayan nan kwamiti ya zo ya gani da idonsa ya yanke."

Sajo ya ɗan karkato kai. "Wane irin dalili?"

"Dalilin da yake cikin filin kansa, wanda ba a iya ɗagawa a kai wani wuri, kuma ba kai ka ƙirƙiro shi jiya don ka tsere wa doka ba. Sannan kada ya cuci maƙwabta." Ya nuna kusurwar da haɓa. "Akwai wani abu ne a bayan zanan can?"

Kai! Tambayar nan ta soki Sajo. Nan da nan ya saki fuska ya yi murmushin kara.

"Tarkace ne kawai na mata."

Washegari ya tafi bakin kasuwa wajen mai rubuta wasiƙa, ya sa aka rubuta masa takardar neman sassauci. Dalilai uku ya bayar: rumbunsa yana wurin, shanun da yake turkewa suna shan inuwa a wurin, sannan ya sha wahalar ginin katangar. Komai ya faɗa ban da abu ɗayan da ya hana shi cin abinci.

Malam Manu ya karanta takardar a ofis, ya cire tabarau ya dube shi.

"Malam Sajo, zan karɓa tunda aikina ne. Amma in gaya maka gaskiya, waɗannan ba za su wuce ba. Rumbu ana ɗaga shi. Inuwa ana sake ta. Wahalar gini kuwa kowa a layinku ya sha. In akwai wani dalili, ka faɗa tun yanzu."

Sajo ya fito yana gyaɗa kai. Shi a ganinsa ya gano zancen: mutumin nan goro yake so. Da la'asar ya jawo wani farin rago har ƙofar gidan Malam Manu.

Malam Manu ya fito, ya ga rago, ransa ya ɓaci.

"Mayar da ragonka, don Allah. Ni ba rago nake nema a wurinka ba, dalili nake nema. Kuma kada ka sake yi mini haka."

To wani zai ji kunya ya ce ashe mutumin kirki ne. Sajo kuwa yana jan ragonsa zuwa gida yana lissafi. Wanda ya ƙi rago, ya ce a ransa, to wani ya riga ya ba shi sa. Saura in gano ko wane ne.

Aka liƙa sanarwa a katangarsa. Masu karatun boko suna tsayawa su karanta wa marasa yi, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Sajo yana zaune a zaure yana ƙirga wanda ya tsaya, da wanda ya daɗe, da wanda ya yi dariya.

A kwana na biyar, yana dawowa daga masallaci da azahar, ya hango Malam Manu zaune a zauren Malam Ilu. Tsohon ya tsayar da keken ɗinkinsa, yana magana ƙasa-ƙasa, yana nuna kusurwar gidan Sajo da almakashi. Can sai Malam Manu ya ciro wata takarda, Malam Ilu ya dangwala yatsa a kai.

Sajo ya juya da sauri. Ya shiga gida ko sallama bai yi ba.

"An sayar da mu," ya ce wa Asama'u. "Tsohon nan ya tona mini asiri."

Asama'u ta ajiye tankaɗen da take yi. "Malam Ilu? Mutumin da ya riƙe maganar nan shekara goma sha bakwai?"

"Ai jira yake ta yi tsada. Layi mai faɗi yake so a ƙofar zaurensa, masu ɗinki su riƙa zuwa da mota."

"Wace mota kuma a unguwar nan? Malam, ni dai da za ka ji tawa, ka je ka faɗa musu gaskiya. Su ma Musulmi ne, suna da iyaye a ƙasa."

"Ke me kika sani game da hukuma? Rufe mini baki."

Ta koma kan tankaɗenta, amma ranar tuwon da ta tuƙa ko rabi ba a ci ba.

Da yamma sai ga Malam Ilu da kansa, yana dogara sanda. Ya yi sallama sau biyu kafin Sajo ya amsa a daƙile, bai ko shimfiɗa masa tabarma ba.

"Sajo, na zo ne in gaya maka da bakina, kada ka ji a waje. Na faɗa wa safiyon nan maganar Inna."

"Na gani ai. Nawa ya ba ka?"

Tsohon ya yi kamar bai ji ba. "Na tambaye shi dokar tukuna, ban ambaci sunanka ba, sai da na tabbata. Ba a tone kabari, Sajo. Shi ne ma dalilin da suke karɓa. Amma ya ce dole ya fito daga bakinka, tunda kai ne mai fili. Takardar da ka ga na dangwala kuwa..."

"Riƙe bayaninka, Malam Ilu. Ni dillali ne. Na san yadda ake shafa wa sa baya kafin a ɗaura masa igiya."

Malam Ilu ya gyara riƙon sandarsa. Sa'an nan ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya juya ya tsallaka hanya a hankali.

Daga ranar Sajo ya daina gaishe shi. In sun haɗu a masallaci sai ya sauya sahu. Ya ƙara zana biyu a kusurwar, ya jibga tsofaffin tukwane da turame a gefe don wurin ya yi kama da tarkacen da ya faɗa. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ko akuya ce ta tsaya jikin katangar sai ya leƙo.

Ranar da kwana ashirin da ɗaya suka cika, da hantsi, kwamiti ya iso. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya a bakin layin. Akwai shugaban kwamitin, wani dattijo mai magana a tsanake, akwai mai unguwa, ga Malam Manu da fayil a cinya. Mutanen unguwa suka cika wurin, mata suna leƙe ta kan katanga.

Shugaban ya sa aka karanta takardar Sajo. Ya tambayi maƙwabta ko akwai mai ƙorafi, ba wanda ya ce uffan. Ya tashi ya zagaya katangar, ya dawo ya zauna.

"Malam Sajo, dalilanka uku mun duba su, ba ɗaya da zai tsayar da layi. Amma wata magana ta iso mana, wai akwai kabari a kusurwar can. Haka ne?"

Sajo ya ji idanu sun yi masa caa. Ga shi nan, ya ce a ransa, sun zo inda suke so. Ya gyara zaman hularsa.

"Ranka ya daɗe, ban san da wannan ba."

Malam Ilu ya yunƙura ya miƙe, sandarsa tana rawa. "Sajo, ka ji tsoron Allah. Da hannuna na haƙa. Ni na karɓi kanta, kai ka karɓi ƙafafu."

"Ranka ya daɗe, tsufa ne," in ji Sajo, ko kallonsa bai yi ba. "Ya fara ruɗewa. Kwanan baya ma ya ɗinka wa wani riga hannu ɗaya ya fi ɗaya."

Wasu suka yi dariya. Malam Ilu ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai.

Shugaban ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya karɓi wata takarda daga hannun Malam Manu.

"Bari in fito maka a fili, don kada ka ce ba a gaya maka ba. Wannan dattijon da kake cewa ya ruɗe, ya dangwala hannu a nan cewa ya yarda a ci ƙafa huɗu daga gaban gidansa, bayan wanda doka ta riga ta ci. Mu kuma za mu rage ƙafa biyu daga faɗin layin a daidai nan. Ka ga shida ta cika, katangarka ba za a taɓa ta ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka ƙara gini a wurin. Ba mai tone komai, ba mai karɓar filinka. Amma kai ne mai neman sassauci, ba maƙwabcinka ba. Ba za mu rubuta dalilin da mai gida ya ƙaryata ba, kuma ba za mu sa diga a ƙasa don mu gane mai gaskiya ba. Ina sake tambayarka. Akwai kabari ko babu?"

Jama'a, a nan ne fa abin yake ba ni haushi.

Bakin Sajo har ya buɗe. Sai wannan muryar ta kara ta raɗa masa: yaushe ka taɓa ganin mai saye ya yi tayi mai daɗi haka ba da wata manufa ba? Wa zai ba da ƙafa huɗu na gidansa a banza? Tarko ne. Kana cewa akwai, gaban shaidu, shi ke nan sun samu abin da suke nema.

Ta cikin gida ya jiyo muryar Asama'u, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba, tana cewa, "Malam, don girman Allah!"

Sajo ya ce, "Babu kowa a wurin nan, ranka ya daɗe. Tarkace ne."

Shugaban ya dube shi, ya dubi Malam Ilu, ya yi ajiyar zuciya. "Rubuta, Malam Manu. An ƙi. Ya ja katangarsa cikin kwana talatin kamar kowa."

Aka naɗe tabarmi. Sajo ya shiga gida yana jin wai ya tsallake rijiya. Shi a lissafinsa, tunda sun kasa kama shi, zai samu wata dabara kafin kwana talatin.

Alhamis ta zagayo. A motar Maigatari ya zauna kusa da wani abokin sana'arsa, Hamma, wanda yake wata unguwar a nan Gumel. Hamma yana ta fara'a, Sajo ya tambaye shi ko awon nan bai shafe shi ba.

"Ya shafe ni mana, har ƙafa takwas. Amma kakana yana kwance a wurin, tun zamanin da unguwarmu take daji. Na faɗa musu, suka zo suka gani, suka yi masa addu'a ma. Suka ce kada in fasa ƙofa ta wajen, kada in ƙara ko taku ɗaya. Ga takardar nan." Ya zaro ta daga aljihu, a naɗe cikin leda, da hatimi a jiki. "Sun ce ko na mutu tana nan kan gidan, 'ya'yana ba mai tayar musu da maganar."

"Ba su tone ba?" Muryar Sajo ta fito wata iri.

"Tone me? Kai Sajo, wa ya gaya maka ana tone mutane?"

Ranar nan Sajo bai san me aka saya ko aka sayar a kara ba. Kafin azahar ya hau motar dawowa, ya zarce ofishin tsara gari. Ya tarar da Malam Manu, ya durƙusa a gabansa, shi da bai taɓa durƙusa wa ma'aikaci ba.

"Akwai, Malam. Wallahi akwai. Mahaifiyata ce."

Malam Manu ya tashe shi ya ba shi kujera. Fuskarsa cike da tausayi, amma ya girgiza kai.

"Na sani, Malam Sajo. Tun ranar farko na tambaye ka. Na sake tambayarka a nan ofis. Shugaba ya tambaye ka sau biyu gaban jama'a. Yanzu hukunci ya shiga littafi, kuma ƙa'ida ce duk wanda aka ƙi ba ya sake nema kan fili ɗaya sai bayan shekara. In ba haka ba kowa sai ya riƙa sauya magana duk mako. Zan kai kukanka gaba, amma kada ka sa rai."

Ya kai ɗin, amsa ta dawo yadda ya faɗa. Maƙwabtan da suka riga suka rushe nasu katangun ma suka ce ai da kunnensu suka ji mutumin ya ce tarkace ne.

Ranar da wa'adi ya cika, Sajo ya hana magina taɓa kusurwar. Shi da kansa ya riƙa cire ƙasar katangar da hannu, yana ajiyewa gefe a hankali, don kada wani dunƙule ya faɗo mata. Asama'u tana tsaye bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Da aka tayar da sabuwar katanga ƙafa shida baya, sai ga wurin a fili, ɗan tudu kaɗan wanda baƙo ba zai ko lura da shi ba.

Gini dai an hana a kan layi. Sajo ya sara ƙaya ya zagaye wurin, mata masu neman itace suka kwashe. Ya jera duwatsu, amalanke ya watsar da su.

Sai Laraba ta zo.

Tun da safe ya jiyo ƙugin shanu daga kudu. Ya fito da sanda ya tsaya kan layi, gaban ɗan tudun. Garke ya cika hanya fam, ƙura ta tashi, ƙahonni suna gogar juna. Ya yi ta kaɗa su gefe, yana ihu, wata karsana ta take masa ƙafa bai ko ji ba.

Mai korar shanun, wani baƙo daga wajen Gagarawa, ya fusata. "Kai malam, hanyar ta gidanku ce? Me kake tsaro a nan?"

Mutanen unguwa suna zaune a ƙofofinsu, su ɗin da suka ji abin da ya faɗa gaban kwamiti. Sajo ya san suna ji. Ya ɗaga murya duk da haka.

"Ratse da su, ɗan'uwa, don Allah. Innata ce kwance a nan."

Baƙon ya yi salati, ya kaɗa shanunsa gefe. Bayansa wani garken ya taho, aka sake tambaya, ya sake faɗa. Maganar da ya ƙi faɗa wa mutum uku masu son taimakonsa, ranar nan sai da ya faɗa wa baƙi bakwai. Haka ya riƙa yi duk Laraba, rana ko ruwa.

Matsalar ita ce mutum ɗaya ba ya tare garke ta gefe biyu. In ya tsare gaba, sai su ɓullo ta baya. A Laraba ta uku wani bijimi ya zagaye shi ya taka gefen tudun, kofatonsa ya nutse. Sajo ya durƙusa yana cike ramin da hannu, hawaye yana zuba.

Yana ɗagowa sai ya ga mutum tsaye a ɗaya gefen, da sandar dogarawa, yana kaɗa shanu da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Malam Ilu ne. Tsohon bai ko dube shi ba, har garke na ƙarshe ya wuce.

Sajo ya rarrafo ya kama gefen rigarsa.

"Baba Ilu, na cuce ka. Na ƙaryata ka gaban jama'a, na sa an yi maka dariya. Ka yafe mini."

Tsohon ya tsaya yana mayar da numfashi. "Nawa mai sauƙi ne, Sajo, na yafe tun ranar. Ƙafa huɗun nan ma suna nan, in shekara ta cika ina da rai zan sake dangwalawa." Ya nuna tudun da sandarsa. "Amma ba ni ka ce babu ba. Ita ka ce babu."

Ya tsallaka ya koma kan keken ɗinkinsa. Sajo ya zauna a ƙasa gefen mahaifiyarsa, a tsakiyar layi, har aka kira azahar bai tashi ba.

Darasi: Yin hattara daban, zargin kowa daban. Wanda ya saba ɓoye abin da yake ƙauna, wata rana zai ɓoye shi ga mai son ya tsare masa shi. In tsarin gari ko wata doka ta taɓa filinka, je ka tambayi ƙa'ida, ka faɗi dalilinka na gaskiya tun farko, ka kuma saurari maƙwabcinka kafin ka yanke masa hukunci. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su karanta, musamman wanda kuka san ko gaisuwa sai ya bincike ta.